Fartanyar Baba a Gaban Baƙi

Ranar Alhamis ce, makon rufe makaranta, a shekarar da motocin aikin madatsar Bakolori suka iso gonakin ƙauyenmu kusa da Maradun. Ina aji biyar. Ina tsaye bayan tabarmar da aka ɗaga mana a matsayin labule, na manna gemun auduga da ƙaro, fartanyar Baba a kafaɗata.

Malam Sani, malaminmu na Hausa, shi ya rubuta wasan. Fitowa ɗaya ce tak, mutum biyu: manomi da mai awon gona. Yakan ce mana, "Gajeren wasa ba shi da gobe. Abin da kac ce kahin a ɗaga tabarma, shi mutane za su kai gida." Abokina Lawali ne mai awo, da igiyarsa da turakunsa. Ni ne manomin. A ƙarshe zan tuge turken da ya kafa, in ce, "Nan kakana ya yi noma, ba ni tashi!" Mako uku ina maimaita wannan magana, a wurin yankan ciyawa, a hanyar ɗebo ruwa, har awakinmu sun gaji da jin ta. Baba da kansa ya ara mini fartanyarsa. Tun da katafila ta bi ta kan dawarmu ba ta ko nuna ba, fartanyar ba ta da aiki, amma kullum da safe sai ya wasa ta.

Ana gobe wasa hedimasta ya leƙo gwajinmu. Da ya ji ƙarshen, sai ya haɗe rai. "Malam, wanga ƙarshe bai yi ba. Manyan baƙi na tahe." Ya karɓi alƙalami ya soke maganata, ya rubuta wata. Malam Sani ya sunkuyar da kai, bai ce uffan ba. Har yau in na tuna wannan shirun nasa raina yana ɓaci. Babban mutum da gemunsa na gaske ya kasa buɗe baki, aka bar wa mai gemun auduga.

Aka sauke tabarma. Baƙi, manyan gwamnati da na aikin madatsar, suna kan kujeru a inuwar dalbejiya, iyayenmu suna zaune a ƙasa cikin rana. Lawali ya ja igiya, ya kafa turke. Na dubi turken, na dubi bulalar da ke hannun hedimasta, na durƙusa na ce, "Na gode, Allah shi saka da alheri."

Baƙi suka yi ta tafi, har da mai dariya. A ɓangaren iyayenmu ko tari babu. Sai Baba ya miƙe, ya ratso taron bai yi sauri ba, ya tsaya a kaina. "Umaru, ba ni hwartanyata. Ba da ita za ka yi masu godiya ba." Ya saɓa ta ya tafi, aka ɗaga tabarma.

Bai dake ni ba, bai kuma sake tada zancen ba har ya rasu. Da duka ya yi mini, da na huce tuntuni.

Yanzu jikokina suna kallon wasanni a waya, kashi bayan kashi, wanda ya yi ɓarna yau ya gyara mako mai zuwa. Namu fitowa ɗaya ce, kuma na ɓatar da ita. Fartanyar tana rataye a ɗakina, ban taɓa yarda na yi noma da ita ba.