Bizar Inna Mai Guga

Shekara talatin da ɗaya Inna Mai Guga ta yi a ɗakin wankin asibiti, tana goge zannuwan gado da rigunan likitoci, har zanen yatsunta ya shafe. Da wannan gugar ɗanta tilo ya yi karatu, ya zama injiniya, ya haye ƙasar waje ya yi aure can. Daga nan sai gaisuwar waya, ita ma sai ya ga dama. Ko da ubansa ya rasu bai zo ba, wai aiki ya riƙe shi.

Sai da matarsa ta haifi tagwaye ya tuna yana da uwa. Ya cike mata takardun zama na dindindin, ita kuwa ta yi murna, ba za a ɓoye ba, har rigunan jarirai ta saya. Ana haka wata safiya saƙon murya daga ɗan nata ya shigo wayarta. Abokinsa ya yi wa, hannu ya kuskure ya turo mata. Yana dariya yana cewa sun kusa hutawa, sun samu mai reno kyauta, ba albashi ba hutu. Ya yi sauri ya goge, amma ina, ta riga ta ji, har sau biyu.

Ƙanwarta kaɗai ta gaya wa, ita ko ta ce ta yaga takardun kowa ya huta. Inna ta ce ai ƙanwar ba ta san yaron nan ba, gobe zai cika dangi da labarin tsohuwa ta tsorata. Ta yi gwajin asibiti, ta sha allurai, ta hau mota kwana biyu zuwa maƙwabciyar ƙasa, don can ne ofishin jakadancin da ke ganawa da irinsu.

A bakin ƙofa aka karɓe wayarta, aka ba ta lamba, ta zauna cikin sanyin na'ura gwiwoyinta na ciwo. Da aka kira ta, injin ɗaukar zanen yatsa ya ƙi ta sau huɗu. Jami'ar da ke bayan gilashi ta tambaya ta bakin tafinta ko wane aiki ta yi, Inna ta faɗa mata. Matar ta daɗe tana kallon hannun, sannan ta tambaye ta ko mene ne tsakaninta da wanda ya nemar mata biza.

Mai reno. Wallahi kalmar har ta zo bakinta. In ta faɗe ta kawai, takardun da ya yi wata da watanni yana bi su wargaje a gaban idonta. To amma fa da an hana ta, shi ke nan ya tsira, ya ce ofishi ne ya hana, a taya shi jaje. Ta haɗiye.

"Ɗana ne," ta ce. "Ni na haife shi."

Ranar haihuwarsa, unguwarsu, sunayen tagwaye, duk ta zuba ba gargada. Aka ba ta biza, in ba ta shiga ƙasar cikin wata shida ba bizar ta mutu.

Ya turo tikiti, ta ce ƙafa ta matsa mata. Ya sake ranar tafiya, ta ce sai an gama gyaran rufi. Matarsa, wadda ba ta taɓa kiran ta ba, ta koyi gaisuwa har da tambayar ƙafa. Inna tana amsawa da fara'a tana ƙirga kwanaki, kuma ta ji daɗin abin, daɗi sosai.

Washegarin da bizar ta mutu, da hantsi, ita ta kira shi ta bidiyo, ta buɗe fasfo ta kanga masa shafin.

"Sun ba ni, ka gani da idonka. Ni ce na ƙi. Ka nemi mai renonka ka biya ta."

Can ɗaya daga cikin tagwayen, wadda ta fara tafiya, ta dafa gwiwarsa ta leƙo, ta ga baƙuwar fuska a waya, ta ɓuya bayan ubanta. Goshin marigayi kakanta ne da ita sak. Inna ta kashe wayar, ta zauna bakin gado, har azahar ba ta tashi ba.