Cibiyar Keken Baba

Keken Baba ya girme ni. Baƙi ne, ɗan Ingila, ya saye shi tun yana masinja, kuma a iya sanina ba wanda ya taɓa ɗora masa ƙafa in ba shi ba. Ko gyara ba ya kai wa kowa. Ranar Asabar zai kifa shi a soro, ya shimfiɗa buhu, ya baje ƙarafa, in ka leƙo sai ka ji, "Me ka ajiye a nan?" Haka na girma har na zama nas a asibitin koyarwa, ina huda jijiyar mutane ina sa musu ƙarin ruwa, amma ban san ta ina ake kwance feda ba. Abin yana ci mini rai, ba zan ɓoye ba.

A shekarar da sojoji suka mayar wa farar hula mulki, ana saura 'yan kwanaki a yi rantsuwar sabon shugaban ƙasa, hawan jini ya kayar da Baba a ƙofar masallacin layinmu a Gyadi-Gyadi. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya tafi. Aka kwantar da shi a asibitinmu. Keken kuwa yana jingine a soro, kullum in zan fita sai mun haɗa ido.

Na daɗe ina jin cibiyarsa tana gurnani, wato ramin nan na ƙasa da sandar feda take ratsawa, mai kofi biyu na ƙarfe, ɗaya dama ɗaya hagu, da 'yan ƙwallayen ƙarfen nan da ake kira boris a ciki. Sai shaiɗan ya raya mini in gyara kafin a sallamo Baba, ya dawo ya ga ɗan nasa ba ragon banza ba ne. Wani mai gyaran babur a bakin layi ya kwance mini, ban ma tsaya na ga yadda ya yi ba. Na sayo sababbin kofuna masu ƙyalli, tsofaffin na watsa su a kwandon shara.

Inna ta fito ta tarar da keken a kife, hanjinsa a waje. 

"Mai shi yana numfashi ka fara taɓa masa kaya?" ta ce. "Rabon gado kake yi?"

"Haba Inna, gyara ne fa."

"Ka mayar masa da abinsa yadda ka same shi. Yau."

Na yi dariyar 'yan boko, na ɗauko sababbin kofunan.

Kofin hagu ya shiga, ya yi zagaye biyu, ya cije. Na dama kuwa ko kamawa ya ƙi, sai juyi yake a bakin ramin. Ni kuma akwai ni da zuciya. Na sa sifana, na danna da ƙarfi, na ƙara da guduma, har ya kama a karkace. Da na zaro shi sai ga 'yan siraran ƙarafa sun biyo shi kamar gashi. Haƙoran cikin ramin ne, waɗanda kofi yake hawa a kai, na fara cinye su. Ko ni da ban san komai ba na san in waɗannan suka ƙare, keke ya mutu.

Na wanke hannu da kananzir, na bi da sabulu sau uku, na tafi kai wa Baba abincin rana. Tun da aka kwantar da shi bai kalli kowa ba, silin kawai yake kallo. Ina shiga ya juyo da ido ya kafe ni. Sannan hannunsa na hagu, mai ran, ya ɗago daga kan zanen gado, yatsu a tattare kamar ya riƙe murfin kwalba, ya fara juyawa a hankali zuwa hagu. Ya saki, ya sake kamawa, ya sake juyawa. Wata abokiyar aikina, 'yar Kudancin Kaduna, ta ce tun wajen ƙarfe goma yake haka, ta zaci carbi yake nema, ta ba shi ya ture. Ƙarfe goma nake durƙushe a soro da guduma. Ban gaya wa kowa ba, Inna kuma ranar ba ta zo asibiti ba tukuna. Na ajiye kwanon na fita.

Kwana biyu ina fama, kofi yana cijewa a zagaye na biyu, Baba kuma ya tsaya cak, ba gaba ba baya, sai hannun nan da ba ya hutawa. Ni mai karatun asibiti ne, na san keke daban, jijiyar kai daban. Duk da haka na kai inda nake tsoron murɗa sifana, ina ganin kamar in haƙorin ƙarshe ya tsinke za a aiko daga asibiti.

Ranar rantsuwa na saɓi gangar jikin keken a kafaɗa na nufi kasuwar Tarauni, inda aka ce akwai wani tsoho da ya san kekunan da. Rana tsaka ce amma titi wayam, kowa ya shige gaban talabijin. Fastocin 'yan takara da ruwan farko ya jiƙa sun ɗaɗɗago daga bango, rabin fuska rabin siminti, suna kallona. Daga kowane gida murya ɗaya ce take fitowa, in wuce ta a nan in tarar da ita a gaba. Ga hadari ya haɗo ta gabas, iska ta ɗauke, ko akuya ban gani ba.

Tsohon yana zaune shi kaɗai a gindin dalbejiya, idonsa ɗaya ya yi fari. Bai kalli keken ba. Ya zura yatsa a ramin dama, ya zagaya, ya tsaya.

"Wa ya yi wannan ta'asar?"

"Ni ne, Baba."

"Mai keken ya rasu ne?"

"Yana asibiti."

Ya dubi farar rigar asibitin da ke jikina. "To, likita, garin neman gira ka kusa rasa ido. Na farko, kofin ɓangaren kaca, wato na dama, hagu ake ɗaure shi. Da gangan aka yi shi haka, don kada taka feda ta kwance shi. Kai kuma dama kake ta murɗawa. Na biyu, haƙoran wannan keken sun fi na kayan yanzu ƙanƙanta. Za su gaisa sau biyu, a na uku su yi faɗa. Ina kofunansa na asali?"

Na ce na zubar.

"Ka zubar." Ya goge yatsansa a tsumma. "To je ka nemo. In babu su, ba ni da abin yi maka. In ka samo, kada sifana ta taɓa. Da yatsu za ka sa, ka fara komawa baya har ka ji ƙas, ya faɗa gurbinsa, sannan ka yi hagu."

Ban ji sauran maganarsa ba. Hannun Baba kawai nake gani.

Na dawo a guje cikin yayyafi na kifar da kwandon shara, babu komai sai ɓawon albasa. Na zauna daɓas a tsakar gida. Inna ta shiga ɗaki, na ji ƙarar kwalla, ta fito da ƙullin tsumma ta ajiye a gabana. Kofunan ne, ta wanke su tas.

"Ba a fitar da kayan mai rai daga gida," ta ce, ta koma madafa.

Na sa giris da sabon boris, na yi bismillah, na koma baya har na ji ƙas, na yi hagu. Ya ɗan yi tuntuɓe a inda na ɓata, sannan ya zarce sumul har ƙarshe. Amma ɓarnar ba ta ɓoyu ba. Kofin bai zauna daidai ba, duk zagayen feda sai an ji wata 'yar ƙara, ƙyas. Da la'asar na koma asibiti na tarar da hannun Baba a kwance a kan ƙirjinsa, yana barci. Ban tambayi ƙarfe nawa ya daina ba, ba na son in sani.

Bayan mako biyu aka sallame shi, ba baki, ba ƙafa. Muna shigo da shi soro ya yi gurnani, ya nuna keken da haɓa. Na kawo masa. Ya sa hannun hagu ya juya fedar baya, ya karkata kunne. Ƙyas. Ƙyas. Ya ɗago ya dube ni, na sunkuyar da kai, ina jiran abin da ya fi mari.

Sai na ji ya kama hannuna. Ya ja shi har kan kofin dama, ya tattara mini yatsu a kai, ya ɗora nasa a sama, ya juya mana tare zuwa hagu, a hankali, sau uku. Shekara talatin ina jiran ya nuna mini wani abu a jikin keken nan.

Kafin lokacin kaka Baba ya rasu. A rabon gado ƙannena ba wanda ya nemi keken, ya faɗo hannuna. Tsohon Tarauni ya ce in kawo ya san dabarar da zai kashe ƙarar. Ban kai ba.