Firjin Malam a Cikin Kwalekwale

Na yi shekara ashirin da wani abu ina gyaran firji a Gwarzo, amma akwai aiki ɗaya da har yau in na tuna shi sai na ji raina ya ɓaci kamar jiya aka yi.

Malamin da ya koya mana lissafi a firamare mutumin kudancin Kaduna ne, Kirista, ya zo garinmu yana saurayi, ya tsufa a cikinmu. Lokacin da gwamnati ta tsuke bakin aljihu aka sallame shi daga aiki. Bai koma gida ba. Ya sayi kwalekwale ya shiga kamun kifi a wani dam da ke wajen Kabo, yakan yi kwana biyu ko uku a tsallake kafin ya dawo. Daga baya ciwon suga ya kama shi, likita ya ɗora shi a kan allura, ita kuwa allurar zafi yana lalata ta.

Wata rana ya shigo shagona da ɗan firji na hannu mai aiki da batirin mota, wanda 'yarsa ta aiko masa daga Jos.

"A hannuna ka koyi awo," in ji shi. "To, zo ka auna mini wannan."

Muka hau babur zuwa bakin ruwa. A bayan kwalekwalen akwai wani ɗan lungu ƙarƙashin benci inda yake ajiye risho da tukunya da garin tuwo, shi yake kira kicin ɗinsa. Firjin ya fi wurin tsawo da yatsa uku, hannayensa kuma sun hana shi shiga. Na cire ƙafafunsa, na yanke hannayen da zarto. Murfinsa sama yake buɗewa, sai ya bugi benci, don haka na raba bencin biyu na mai da rabinsa abin ɗagawa. Na sa katako da fallen kwano tsakaninsa da risho, na huda ramuka don injin ya sha iska, na ɗora shi a kan dandamali saboda ruwan da ke taruwa a ƙasan jirgi. Ƙarshe na sa masa kwaɗo, don kada igiyar ruwa ta buɗe shi. Kwana huɗu na yi ina wannan aiki. Da Malam ya sa hannu ya ji sanyi, sai ya yi dariya ya ce, "Na ba ka goma bisa goma."

A shekarun nan ne aka ƙaddamar da Shari'a, kuma ina cikin waɗanda suka yi murna. Ba a jima ba magana ta fara yawo: wai Kirista da firji mai kwaɗo a tsakiyar ruwa, me zai ɓoye in ba giya ba? Wai yana sayar wa masunta.

Wata ranar kasuwa na je bakin ruwa duba masa wayoyin firjin, sai ga mutum biyar, ba wanda ya aiko su. Jagoransu benci ɗaya muka zauna da shi a ajin Malam.

"Buɗe mana wannan," ya ce. Ko gaisuwa babu.

"Bari in ɗauko makulli a rigata," in ji Malam.

Na ce, "Ni na haɗa shi da hannuna. Magani ne a ciki, wallahi."

Jagoran ya ce, "Kai ma sai an bincike ka."

Ba su jira makullin ba. Ɗayansu ya sa ƙarfe ya ɓalle kwaɗon, wani ya fizgo firjin, wayoyin suka tsinke, kwalekwalen ya karkata, firjin ya faɗa ruwa. Ni na shiga har ƙugu na ciro shi. Muka buɗe a gaban kowa: ƙananan kwalaben allura uku, gorar ruwan sha, da rabin gwanda. Malam ya tsugunna yana tsintar kwalaben yana goge musu laka da bakin rigarsa. Babu wanda ya ce masa sannu. Suka juya suka tafi.

Na kai ƙara wurin dagaci, Malam yana tare da ni. Ya saurare ni, ya ce kuskure ne, niyyarsu mai kyau ce, a yi haƙuri.

Na ce, "Ranka ya daɗe, wace Shari'a ce ta ce a fasa kayan mutum babu shaida? Dattijon da ya koya mana ƙirga?"

Ya ce in rage murya. Malam ya taɓa kafaɗata ya ce mu tafi.

Sati biyu ina fama da firjin. Na shanya shi, na canza abin da zan iya canzawa, amma ruwa ya riga ya cinye injin. Daga nan Malam ya daina kwana a tsallake, kifin bakin gaɓa kuwa ba ya riƙe gida. Bayan damina ya sayar da kwalekwalen, 'yarsa ta zo da mota ta tafi da shi Jos. Ni na ɗaure masa kayansa a saman motar.

Jagoran nasu yana nan, yanzu ya yi furfura. Yakan wuce ta ƙofar shagona ya yi sallama. Nakan amsa, don amsa sallama wajibi ne, amma ban taɓa ce masa ya zauna ba.