Damin Itacen Inna a Jirgin Jidda

A ƙauyenmu, nan ƙasar Sudan, har yau Rayyis ake ce mini, wato shugaban jirgi, kuma ban taɓa hana kowa ba. Gaskiyar magana, lodin itace na yi na 'yan damuna a babur. Mu nan babur muke ce wa jirgin ruwa mai wuta, wanda ke tashi daga Suki ya haura Rusairis idan kogi ya cika. Ban taɓa riƙe sitiyarinsa ba. Ranar da na leƙa ɗakin da ake tuƙi, da kunne anka fiddo ni. Amma a garin da kowa auduga da dawa ya sani, wanda ya taɓa shaƙar hayaƙin tukunyar jirgi malami ne, sai a yi haƙuri da shi.

Bari in ba ku tarihin jirage kamar yadda na san shi, wanda ke da ja ya kawo nasa. Babur yana da wata babbar ƙafa a baya, tana juyawa tana marin ruwa kamar mata na bugun wanki. A gefensa ana ɗaure kwale-kwalen ƙarfe cike da buhunan riɗi da ƙaro, mutane a sama, awaki a ƙasa. A cikinsa akwai tukunya, ƙarƙashin tukunya akwai wuta, wutar kuwa ba ta ƙoshi. Shi ya sa duk tsawon gaɓa anka yi mahaɗɗar itace, inda muke jibge bagaruwa kamar katanga. Ya tsaya, mu ɗura masa, ya yi kuka, ya wuce. In itace ya yanke masa tsakanin mahaɗɗa da mahaɗɗa, sai a ɗaure shi a gindin wata bishiya, kowa ya sauka da gatari, har da masu farar jallabiya.

To mutanenmu, da yake akwai kunya, sai sunka ɗora wa kansu wata al'ada da hukuma ba ta sa su ba. Duk wanda zai shiga babur daga ƙauyenmu, ko Sinja kawai za shi, sai ya riƙo damin itace ya miƙa wa masu wuta. Tsofaffi sun ce wanda ya ari jaki ai yakan haɗa masa da harawa. Ma'aikatan jirgi sun saba, daga nesa in sun hango mutum da dami a ka sun san namu ne.

Daga baya hanyar ƙarfe ta miƙe, manyan motoci sunka yawaita, babur ya kwanta a gaɓa yana tsatsa, yara na kamun kifi a cikinsa. Sarautata ce kawai ba ta yi tsatsa ba.

Inna, wato mahaifiyata, a goye ta baro ƙasar Sakkwato. Iyayenta Makka sunka nufa. Da guzuri ya ƙare sai sunka tsaya Makwar haƙar magudanan ruwa, wai su ɗan tara abin hanya. Can anka binne su. Babanmu ma da niyyarsa ya rayu, kowace kaka yana cewa baɗi, har ya faɗi a hawasha, gonar audugar da hukuma ta yanka masa, da fartanya a hannu. A gidanmu ba a cewa a nan muke zaune. Ko baƙo ya tambaya, sai Inna ta ce muna kan hanya. Cikin waɗanda sunka ɗauko hanyar tun daga yamma, ita kaɗai ta rage mana.

Shekarar da auduga ta yi kyau, yayyena sunka taru sunka ce bana Inna za ta ƙetare, kuma ni zan raka ta, tunda harkar jirgi ce. Na karɓa da sunkuyar da kai irin na manya.

Tana tankaɗe ta kira ni.

"Kai Rayyis, jirgin Jiddan nan da mi yake tahiya?"

"Da wuta, Inna."

"Tsakiyar Bahar Maliya akwai mahaɗɗa?"

"Babu, Inna. Ruwa ne zalla, ko tsibiri da ƙyar."

"To in ya cinye nashi, ga wace bishiya za su ɗaure shi?"

Na gyara zama na yi mata bayani mai tsawo. Na ce manyan jiragen teku sun bar itace tun tuni, da farko gawayin dutse suke ci, yanzu baƙin mai suke sha. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Ka gani da idonka?" Na ce an faɗa mini. Ta ci gaba da tankaɗe.

Washegari ta ɗauki gatari da kanta. Ta zaɓo bagaruwa mai jan ciki, irin wadda ke daɗewa a wuta, ta faskara, ta shanya, ta ɗaure da igiyar kaba. Dami ne na mutunci, ba irin na ganin ido ba. Yayyena sunka zuba mini ido in hana, ni kuma na zuba musu. Haka damin ya bi mu tashar Makwar, ya shiga jirgin ƙasa, ya samu wurin zama tun kafin ni in samu. Wani ɗan kasuwa daga Madani ya tambaye ta ko an ce mata Makka babu murhu. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Ɗana, ba naka ba ne." A karantina, inda ake tsare alhazai a yi musu allura, da shi ta yi matashin kai.

Ranar da na fara ganin jirgin Jidda a Bur Sudan, na gode Allah babu ɗan ƙauyenmu kusa da zai ga bakina a buɗe. Tudu ne na ƙarfe. Babur ɗinmu da za a ɗora shi a kai, sai a ɗauka tukunyar shayin matuƙi ce. Mutane na hawa ta wani dogon tsani kamar tururuwa, bututun hayaƙi yana can inda sai hula ta faɗi kafin a gan shi.

A gindin tsanin wani askari ya sa sanda ya tare mu.

"Ya hajja, wannan mamnu'. Ba a shiga da itace. Ku alhazai sai ku hura mana wuta a kan jirgi ku ƙone mu."

Inna ta ce ba nata ba ne, na jirgi ne. Na fassara. Ya ce jirgi bai aike ta ba. Sai ta sauke damin daga kaina, ta ajiye a gefen layi, ta zauna a kai, ta gyara mayafi.

"In bai shiga ba, ban shiga."

Na durƙusa gabanta. Na ce Inna, don girman Allah, ga jirgi, ga ruwa, Jidda na can ƙetare, itace ne zai tsayar da mu?

Ta ce, "Uwata ta tsaya Makwar, ubanka ya tsaya hawasha. Su ƙasa ta karɓe su, an san inda suke. Ni ban tsayawa tsakiyar ruwa. In tsayawa ce, gara nan."

Ba ta ɗaga murya ba, shi ya fi tsorata ni. Layi na ta raguwa. Jirgi ya yi wani kuka da na ji har cikin haƙorana. Na koma wurin askari na buɗe masa sarautata, na ce ni ma Rayyis ne, ɗan'uwan sana'a. Ya ce na wane jirgi? Da na faɗa masa, sai da ya dogara da sandarsa don dariya.

Dariyar ce ta jawo wani dattijo da ya sauko shan iska, baƙi wuluk da mai tun daga gira har yatsu, tsumma a wuya. Mutumin arewacin Sudan ne, daga wajen Dungula, cikin masu kula da wutar jirgin. Ya tambayi abin da ya faru. Ya sunkuya, ya nemi izinin Inna, ya zaro ice guda ya sansana. Sai na ga fuskarsa ta saki.

"Sunut," in ji shi, haka suke kiran bagaruwa. "Na gaɓar kogi. Ina yaro da wannan na fara, a babur ɗin arewa. Hajja, ke 'yar wane gari ce da har yanzu ake ba jirgi abinci?"

Ta faɗa masa. Ya juya ga askari ya ce wannan ba kayan fasinja ba ne, kayan jirgi ne, shi zai shiga da shi. Askari ya ɗaga kafaɗa ya ce halas. Dattijon ya saɓa damin, ya ce, "Yalla ya hajja, kin rufa mana asiri." Inna ta miƙe, ta karkaɗe zane, ta kama tsani. Ni da nake shirin tallabarta sai da na yi sauri kafin in cim mata.

Bayan mun tashi na lallaɓa na sauka ɗakin wuta, saboda ilimi. Wutar tana ruri a bayan wata 'yar taga, bututu ne ke fesa mata mai, babu ƙofar da ko tsinke zai shiga. Aƙalla yanzu na gani da idona. Da na hauro kuma na tarar da kukun ma'aikata yana gasa musu kofi a kan garwashi, ƙamshin garwashin kuwa na bagaruwa ne, na san shi tun ina ɗauka a kafaɗa. Sunka ba ni finjali guda. Kofin ya yi daɗi, bai dai zauna ba, don daga nan teku ta fara aikinta. Sauran tafiyar a kwance na yi ta, kaina a bakin bokiti, mata na tsallake ni suna cewa sannu Rayyis.

Inna ko gezau. Ta shimfiɗa tabarma inda take hango bututun hayaƙi, carbi a hannu. In hayaƙi ya yi kauri ta gyaɗa kai, in ya yi siriri ta tsuke baki.

Da hantsi fararen gidaje sunka bayyana a bakin ruwa, mutane sunka ɗau kabbara. Sai kuma jirgi ya rage tafiya, ya rage, har ya tsaya cak. Ashe jiran wanda zai shigar da shi tsakanin duwatsun ruwa yake. Inna ta damƙi hannuna da ƙarfin da ban san tana da shi ba.

"Ya ƙare?"

Na ce a'a Inna, jagora ake jira. Ba ta sake ni ba sai da ƙarfen da ke ƙarƙashinmu ya koma rawa, gidajen sunka fara matsowa. Sannan ta juya ga alhazan da ke kewaye da mu, Hausawa da Barebari da Larabawa, ta ƙare musu kallo.

"Ku dubi yawanku," in ji ta. "Jama'a kamar kasuwar Sinja, dami guda! Ina zai yi sauri?"

Waɗanda sunka ji Hausa sunka ba ta haƙuri, sauran sunka ce amin.

Da ƙafarta ta taka ƙasar Jidda sai ta tsaya, mutane na ture mu ta ko'ina. Ta kira uwarta da ubanta da babanmu, ɗaya bayan ɗaya, kamar tana tashinsu daga barci, ta ce musu an iso. Ta share ido da bakin mayafi, ta dube ni ta ce in ɗauki jaka in daina layi kamar ɗan maraƙi, mutane na kallo.