Ranar Da Na Sace Akuyar Kakata

Wata Litinin ce da la'asar, mako biyu bayan Sallar Layya, ina aji huɗu a lakwal, wato makarantar boko, unguwarmu kaf ta taru a ƙofar gidanmu saboda akuya ɗaya. Har tsohon da kullum yake cewa ƙafarsa ba ta kai shi masallaci ya iso da gudu. A tsakiyar taron Ilu ne tsaye da sanda da gorar ruwa, kakata Inna Tabawa tana nuna shi da muciya. Ni kuwa ina laɓe bayan rumbu, don na san inda akuyar take.

Ilu ɗan maƙwabtanmu ne. Ya taɓa zaman gidan kaso saboda satar awaki, kuma an ce a zamaninsa in ya gitta ƙofar gida, akuya da kanta take bin sa ba igiya. Da ya fito babu mai ba shi aiki, ko da dako a kasuwar Lahadi ta Tawa. Sai ya wuni a fadar samari yana fifita gawayin shayi, yana zancen tafiya ci-rani Abija, can bakin teku. Mahaifiyarsa ta kai kuka wurin mai unguwa, dattawa suka zauna, suka ce tunda babu wanda ya san awakin unguwa kamar Ilu, shi za a ba kiwonsu. Kowane gida zai ba shi tiyar hatsi a wata. Amma ranar da ko ɗan akuya ya ɓata a hannunsa, aiki ya ƙare, sai kwamisariya wurin 'yan sanda.

Daga nan safiyarmu ta yi daɗi. Kafin lakwal mu yara za mu kora awakin gidajenmu zuwa gindin gawo, muna tsere, su ja mu, mu ja su. Ilu ya yi fito sau ɗaya, su bi shi hanyar Kalfu a jere kamar 'yan biki. Da yamma kowace ta shige gidansu da kanta, shi kuma aljihunsa cike da magarya da aduwa, mu yi ta wawa. Sata ta ɗauke a unguwar, don duk dabarar da ɓarawo zai zo da ita Ilu ya riga shi saninta, ya kuma gaya wa kowa inda katangarsa take da rauni.

Akuyar Inna sunanta Madam, saboda tafiyarta ta ƙasaita. Nononta kuwa ya isa a buɗe kanti. A safiyar wannan Litinin, maimakon in kai ta gawo, sai na karkata da ita wani kango bayan lakwal, na ɗaure ta da ɗankwalina. Lokacin hutun ƙarfe goma ni da ƙawata Rabi muka tatse ta, muka jiƙa garin rogo da sukari, muka sha har muka kasa miƙewa. Da aka tashi muka shiga wasan carafke, na manta da Madam sarai. Sai da awaki suka dawo babu ita na tuna.

Ilu ya rantse cewa Madam ba ta zo gawo ba ranar, amma babu mai saurara. Wani har ya tafi nemo babur da za a kai Ilu kwamisariya. Mahaifiyarsa tana gefe ta rufe fuska da mayafi. Sai ya roƙi a ba shi zuwa magariba, ya durƙusa yana duban ƙasa. Ya ce kofaton Madam na baya a karkace yake, ko cikin awaki dubu zai gane sawunta. Ya kama bi, unguwa ta bi shi, ni ma na bi a can ƙarshe ina addu'ar ƙasa ta tsage.

Muka tarar da Madam a kango tana tauna littafin lissafina da na bari. Na ga Ilu ya dubi ɗan sawun takalmina, ya dube ni, ya sa ƙafa ya shafe shi. Sai wani daga baya ya ce ai Ilu ne ya ɓoye ta nan, shi ya sa ya san hanya, mutane suka fara gyaɗa kai. Nan na fashe da kuka irin wanda aka ji har Affala, na faɗi komai, har da sukarin.

Inna ta kwance ɗankwalin, ta juya shi, ta dube ni. "Ashe ɓarawon ɗakina shika kwana," in ji ta. Taron ya tuntsure da dariya. Ta juya wurin Ilu ta ce, "Ɗana, ka yafe mini, bakina ya riga idona." Ya sunkuyar da kai, ya nuna ni, ya ce ba komai, Inna, amma a dinga ba Dije nono da safe don awakin unguwa su huta. Kunnena kuwa Inna ta ja shi tun daga kango har gida, shi ya sa har yau na dama ya fi na hagu tsawo.

Yanzu shekaruna goma sha shida. Ilu yana da nasa garke wajen Kalfu, samari uku daga fadar nan suna kiwo tare da shi, ɗaya ma daga kaso ya fito kai tsaye zuwa wurinsa. Unguwarmu ta cika da gidajen siminti da ƙofofin ƙarfe, awakin sun ragu, yara ba sa tseren safe. In aka yi ɓata yanzu, kowa waya yake ɗauka daga cikin gidansa. Ina kewar lokacin da unguwa guda take tashi ta bi mutum ɗaya don ta ga gaskiyarsa.