Jan Ulun da Yaya Ya Kawo

A gidanmu na Fagge ba a zubar da komai. Tsumman zane, igiyar buhun gishiri, har mazagin wandon Baba in ya tsinke, duk sai Inna ta murɗe su ta yi kwando. Daga cibiya take farawa, ta naɗe tsumman da ulu, ta riƙa kewayawa tana ɗinke kowane zagaye a jikin na ƙasansa da basilla. Ni aikina warware tsofaffin rigunan sanyi, kuma na ƙi jinin aikin nan. Hannuwana a miƙe, ita tana dunƙule zare, in na motsa in sha ranƙwashi.

Rigunan daga wajen ƙawarta suke fitowa, wata Kirista 'yar kudancin Zariya, matar wani malamin makaranta a Sabon Gari. Mama muke ce mata. Ita ke saƙawa, Inna ta ci gadon waɗanda suka tsufa.

Ranar da gari ya ɓaci tsakanin Fagge da Sabon Gari, Mama tana gidanmu. Muka ji ihu, na leƙa ta zaure na ga maza da adduna da gorori, sun ɗauko wani maƙwabcinmu an tsaga masa kai, jini yana bin ƙafafun masu ɗaukarsa. Mama ta zabura za ta koma wajen mijinta. Inna ta fizgo ta, ta tura ta ƙuryar ɗaki ta saki labule.

"Ko tari kika yi, kin kashe mu duka," in ji Inna. Ta dawo tabarma ta ɗauki kwandonta, tana ɗinki tana ta sokar yatsa.

Da la'asar Yayana ya shigo. Ɗan dako ne, ga ƙarfi ga zafin kai, tun safe ya bi zuga bai san wa ke gidan ba. Abokansa suna jiransa a ƙofa. Rigarsa duk jini, amma murmushi yake, don ya zo wa uwarsa da tsaraba. Ya san duk gidan nan ba abin da Inna ke so irin jan ulu.

"Inna, ga shi. Ki warware, zai yi miki kwando har da murfi."

Rigar sanyi ce ja, mai farin layi a ƙirji. A kan tabarmar nan Mama ta saƙa wa mijinta ita.

Inna ta ce, "Ina mai rigar?"

Ya ce, "A akwati na ciro. Shi kam ya tare ƙofa ya ƙi matsawa. Ba ni na fara saransa ba."

Ban taɓa ganin Inna haka ba. Ta caka masa basillar nan a bayan hannu, ta ɗauki muciya ta hau shi da duka, baki, hanci, ko'ina. Ƙato guda ya durƙusa yana "Inna me na yi?" Sai ga kururuwar Mama daga bayan labule.

Na waje suka fara dukan ƙyaure. "Wace ce wannan? Wa kuka ɓoye?"

Yaya ya dubi labulen, ya dubi rigar. Ya tashi da ƙyar ya fita zaure, jini na ɗiga, na ji yana cewa, "Innata ce. Ta ga jini a jikina ta ɗauka an sare ni. Ku wuce!"

Suka wuce. Da gari ya lafa Baba ya raka Mama tasha cikin lulluɓin Inna, ta koma wajen danginta ƙanƙame da rigar. Ba mu sake ganinta ba.

Yaya ya yi hankali, ya yi arziki, har Makka ya je. Kullum da safe sai ya zo ya durƙusa ya gai da Inna, ta amsa. Amma har Inna ta koma ga Allah, ko goro ba ta ƙara karɓa daga hannunsa ba.