Yadda Muka Kai wa Ɗan Brazil Dankalin Jos

Jos

Ana idar da sallar asuba na hau keke-napep daga Anguwan Rogo zuwa tasha, da ƙaramin buhun dankalin turawa a kan cinyata. Ni tela ne, amma da yamma ni ke horar da ƙungiyar ƙwallon unguwarmu. Dalilin tafiyar shi ne Gyang, ɗan wasanmu na tsakiya. Shekara da shekaru yana ƙwato ƙwallo yana raba wa 'yan gaba, bai taɓa jefa ko ɗaya a raga ba, har 'yan kallo suka sa masa suna Mai Ribas, wai ba ya gaba sai baya. Ana dab da wasan ƙarshe na kofin unguwanni ya ce ya gaji da ba'a, ya daina. Sai na ji a rediyo cewa wani tsohon ɗan wasan tsakiya na Brazil ya sauka Abuja don koyar da masu horarwa. Na ce wa Gyang ya raka ni. In mun dawo bai sake shawara ba, ba zan ƙara yi masa maganar ba.

Mota ta tsaya a Daɗin Kowa ta ɗauke shi.

"Koci, wannan buhu fa?"

"Tsaraba ce. Ba a zuwa wurin baƙo hannu rabbana."

"Mutumin da ya buga wa Brazil za ka ba dankali? Kai, Koci!"

Na ce ya rufe ƙofa, sanyi na shigowa.

Hawan Kibo zuwa Akwanga

Mun gangara Hawan Kibo a hankali, hazo ya rufe duwatsu. A shingen sojoji wani ya taɓa buhun ya ce, "Baba, me ke ciki?" Na kwance bakinsa na nuna masa, na sake ɗaurewa yadda yake. A Akwanga muka karya da soyayyar doya da ƙwai. Gyang ya ci rabi ya ture.

Abuja

Cunkoson Mararraba ya riƙe mu, sai bayan azahar muka isa otal ɗin da baƙon ya sauka. Mai gadi ya nemi katin gayyata. Na faɗa masa sunana, sannan aikina, sannan abin da ya kawo mu. Ya saurara tsaf, ya ce babu kati babu shiga. Muka koma gindin bishiya.

"Ai na faɗa maka," in ji Gyang. "Mu koma kafin mota ta ƙare."

Ana cikin haka wata mata sanye da fararen kayan kicin ta zo wucewa. Ta dubi buhun, ta sa hannu ta zaro guda ta murza jar ƙasar da ke jikinsa.

"Wannan ai na Bokkos ne! Baba, sayarwa kake?"

"A'a, 'yata. Na baƙonku ne ɗan Brazil."

Ta yi dariya har ta dafa bishiyar. Sunanta Rifkatu, 'yar Bokkos, ita ce shugabar kicin. Ta ce ba za ta shigar da mu ta bayan gida ba, amma za ta soya ta kai masa da hannunta, ta gaya masa masu shi suna waje. Muka jira. Can sai ga mai gadin nan da kansa, ya ce baƙo na kira.

Muka same shi yana cin soyayyen dankalin. Mutumin gajere ne, gemunsa ya fara furfura, yana ɗan ɗingishi. Ta bakin tafinta na roƙe shi ya ba mu tarihinsa daga farko. Ya ce ya fara a ƙaramar ƙungiyar garinsu, inda 'yan kallo ke yi masa ihu don ba ya cin ƙwallo. Daga nan babbar ƙungiya ta ɗauke shi, sai Turai, sai aka kira shi tawagar ƙasa. Ya koma gida ya ƙarasa wasansa da gwiwa ta fara ciwo. Na tambaye shi ƙwallo nawa ya ci wa Brazil. Ya girgiza kai yana murmushi, ya ce ba aikin da aka kira shi yi ke nan ba, amma duk ranar da ba ya fili, 'yan gaba ne ke fara zuwa tambayar lafiyarsa.

Na nuna masa Gyang, na faɗi sunan da ake kiransa da shi. Baƙon ya ajiye cokali, ya sa aka kawo ƙwallo, muka fita wurin ajiye motoci. Ya buga wa Gyang da ƙarfi, ya taho masa a guje duk da ɗingishin. Gyang ya waiga, ya tare, ya miƙo mini ita daidai ƙafata. Mutumin ya dafa ƙirjinsa, ya dafa na Gyang.

Tafinta ya ce wa Gyang, "Wai ku biyu aikinku ɗaya, kuma kai ka iya."

Komawa

Mun kwana gidan ƙanena a Mararraba, da safe muka kamo hanya. Tun daga Keffi Gyang yake ba direba labari, har direban ya ce, "Oga, bar ni in tuƙa mana!" Da zai sauka a Daɗin Kowa ya leƙo ta taga.

"Koci, atisaye yana nan yau?"

"Yana nan. Wanda ya makara zai zagaya fili."

Da la'asar na je, na tarar ya riga kowa, yana hura ƙwallaye. Ranar wasan ƙarshe shi ya riƙe tsakiya daga farko har ƙarshe, muka ɗauki kofi. Ina gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, ina kuma gode wa ƙanena da iyalinsa, da Rifkatu.